Dust II da Gwanintar Masu Gina Fagen Wasa

A watan Maris na 2001 aka ƙara wani sabon fage a cikin wasan kwamfuta mai suna Counter-Strike. Sunan fagen de_dust2, wato Dust II, wanda ya gina shi kuwa wani saurayi ne ɗan Ingila, David Johnston, da a lokacin bai cika shekara 20 ba. Idan ka shiga fagen ba za ka ga wani abin a-zo-a-gani ba. Bangaye ne masu launin yashi, da manyan ƙofofin katako masu ganye biyu, da akwatuna jibge a kusurwa, da wani rami mai duhu, da doguwar hanya mai gangare a ƙarshenta. Amma an sake gina wasan daga tushe a 2004, aka sake a 2012 da sunan Global Offensive, aka kuma sake a 2023 da sunan Counter-Strike 2, kuma kowane karo sai an ɗauko wannan fage an dawo da shi. Fenti yana canzawa, ana ƙara tagogi da wayoyin lantarki da motoci, amma ƙashin ginin yana nan yadda yaron ya tsara shi. Har yau ƙwararrun 'yan wasa suna fafatawa a kansa a gasar da kyautarta ta haura dala miliyan 1.

Na daɗe ina ganin cewa ba a ba wa masu irin wannan aiki haƙƙinsu na yabo. Ana sanin sunan ɗan wasan da ya yi harbin da ya ci gasa, ana sanin kamfanin da ya sayar da wasan, amma wanda ya yanke shawarar inda bango zai tsaya da inda ƙofa za ta buɗe, shi ba kasafai ake ambatonsa ba. Alhali duk wata bajinta da aka yi a fagen, a cikin iyakokin da ya shata aka yi ta.

Counter-Strike kansa daga hannun 'yan wasa ya fito. Kamfanin Valve na Amurka ya fitar da Half-Life a 1998, ya kuma bar ƙofa a buɗe ga duk mai son ya yi wa wasan kwaskwarima ya ƙirƙiri nasa. Minh Le da Jess Cliffe suka yi amfani da wannan dama, suka fitar da gwajin farko na Counter-Strike a watan Yunin 1999. Su biyu ba za su iya gina dukkan fagagen ba, don haka jama'a ne suka riƙa ginawa suna aikowa, ana zaɓar masu kyau ana sakawa. A watan Nuwamban wannan shekara aka shigo da salon dasa bam, kuma cikin fagagen da suka zo tare da shi akwai Dust na farko, shi ma aikin Johnston. Valve ya sayi wasan a 2000, amma al'adar karɓar fage daga hannun jama'a ba ta mutu ba.

Kafin a gane gwanintar, sai an san dokar salon da ake gina wa fagen, domin dokar ce ke gaya wa magini abin da zai gina. A gasa, mutum 5 ne ke fuskantar mutum 5. Ɓangare ɗaya masu kai hari ne, suna ɗauke da bam, za su dasa shi a ɗaya daga wurare biyu da ake kira A da B. Ɗaya ɓangaren masu tsaro ne, aikinsu su hana dasawa, ko su kwance bam ɗin idan an riga an dasa. A ƙa'idar yanzu zagaye ɗaya minti 1 ne da sakan 55. Idan an dasa bam, sakan 40 yake yi ya tashi. Kwance shi yana cin sakan 10, ko sakan 5 ga wanda ya sayi kayan kwancewa. Wanda aka kashe ya fita ke nan sai zagaye na gaba. Daga waɗannan 'yan alƙaluma kusan komai na ginin yake fitowa. Masu tsaro su 5 ne, wuraren tsaro 2 ne da hanyar tsakiya, don haka dole su rarrabu, kuma ba su san inda za a faɗo musu ba. Masu hari suna iya taruwa su 5 su afka wa wuri guda, amma sai sun bi ta ƙofar da ake jiransu a bayanta. Wannan yana da rinjayen yawa, wancan yana da rinjayen wuri. Aikin magini shi ne ya sa rinjayen biyu su yi kunnen doki, ta yadda ƙwarewa da dabara ne za su raba gardama.

Abu na farko da gwanin magini yake aunawa shi ne lokaci. Mu masu kallo muna ganin hanya, shi kuwa sakan yake gani. A cikin injin wasan akwai ma'auni na musamman: tsayin ɗan wasa awo 72 ne, faɗinsa awo 32, kuma idan yana riƙe da wuƙa yana gudun awo 250 a sakan ɗaya. Idan ya ɗauki bindigar AK-47 gudun ya sauka zuwa 215, idan babbar bindigar harbin nesa ce, AWP, ya koma 200. Ke nan hanya mai tsawon awo 1,000 tafiyar sakan 4 ce ga mai wuƙa, sakan 5 ga mai AWP. Magini yana zama da agogo ya gudu daga inda masu hari ke farawa zuwa kowace mahaɗa, ya rubuta, ya koma ya gudu daga inda masu tsaro ke farawa, ya rubuta. Abin da yake nema shi ne inda ɓangarorin biyu za su fara yin ido huɗu. Idan masu tsaro suna isa mashigi da wuri sosai, za su wuce shi su je su tare masu hari tun a ƙofar gidansu, wasan ya shaƙe. Idan masu hari ne ke riga isa wurin dasa bam, to babu tsaro ke nan, kowane zagaye sai dai a yi ƙoƙarin ƙwato wurin. Daidai shi ne mai tsaro ya isa wurinsa ya samu ɗan numfashi ya saita bindiga, kafin na farkon masu hari ya leƙo. Wani lokaci gyaran bai wuce a ja wurin farawa baya da awo 250 ba, wato sakan guda, sai ka ga fagen da ya karkata ya miƙe.

A Dust II, tseren da ake yi a farkon zagaye zuwa ƙofofin doguwar hanyar A misali ne mai kyau. Ɓangarorin biyu suna isa kusan tare, kuma da yake wurin tsayuwar kowane ɗan wasa a farkon zagaye yana ɗan bambanta daga zagaye zuwa zagaye, wani lokaci mai hari ne ke da rabin sakan na rinjaye, wani lokaci mai tsaro. Ƙwararru suna duba inda suka tsinci kansu su yanke shawara nan take ko za su yi tseren ko za su haƙura. Wannan ƙaramin rashin tabbas shi ne ke hana zagaye na 20 ya zama kwafin na farko.

Akwai lokaci na biyu da ya fi wannan wuyar daidaitawa, shi ne na kai ɗauki. An dasa bam a B, mai tsaron da ke can ƙarshen A yana da sakan 40. A ciki zai gudo, ya haɗu da abokansa, su jefa gurneti, su kawar da masu gadin bam, sannan ya rage masa aƙalla sakan 5 na kwancewa. Idan tazarar A da B ta yi tsawo, da zarar an dasa bam zagaye ya ƙare, sauran sakan 40 ɗin zaman jira ne. Idan ta yi gajarta, masu tsaro ba sa tsoron yin kuskuren zato, domin ko sun taru a wurin da ba nan ba ne za su dawo a kan lokaci, yaudara ta rasa amfani. Ita kuwa yaudara ita ce gishirin wasan: a yi hayaniya a A, a jefa hayaƙi, a yi harbi, masu tsaro su kwaso a guje, ashe mai bam yana laɓe a ramin B. Johnston ya haɗa wuraren biyu ta bayan gida, ta inda masu tsaro ke farawa, ya kuma ratsa tsakiyar fagen da hanya ta uku mai rassa zuwa kowane ɓangare. Shi ya sa duk wanda ya riƙe tsakiya yake da zaɓi, kuma shi ya sa ake zubar da jini a kanta alhali ba a dasa bam a can. Fagage da yawa da suka biyo baya sun ɗauki wannan tsari na hanyoyi uku masu haɗuwa da juna, har ya zama kamar abin da ake fara koya wa sabon magini.

Abu na biyu shi ne ido. A wasan da harsashi ɗaya a ka yake kashewa, duk inda ido ya kai to mutuwa ta kai. Maginin gargajiya a ƙasar Hausa ya san wannan ilimi ta wata fuskar: ba ya sa ƙofar zaure ta waje ta yi saiti da ta ciki, sai ya kauce da ita, don mai wucewa a titi kada ya hango tsakar gida. Haka maginin fage yake yi da kowace kwana. Yana tsayawa a wuri ya juya ya tambayi kansa, daga ina da ina za a iya ganina a nan? Idan wanda ya shigo wurin dasa bam zai fuskanci maɓoya goma a lokaci guda, babu yadda zai yi, shigowar ta zama caca. Idan maɓoya biyu ne kawai, zai haddace su ya riƙa harbinsu tun kafin ya gani. Gwani yana jera maɓoyar ta yadda mai shigowa a hankali zai iya duba su ɗaya bayan ɗaya, yana buɗe kusurwa kaɗan-kaɗan, amma mai gaggawa zai bar bayansa a buɗe. Akwatin da ka gani a tsakiyar fili ba ado ba ne. Tsayinsa an auna: ko ya rufe mutum gaba ɗaya, ko ya rufe mai tsugune kawai, ko ya bar kai a waje. Wannan na ƙarshe masu ginin suna taka-tsantsan da shi sosai, domin wanda kansa kaɗai ke waje yana ganin abokin gaba gaba ɗaya, shi kuwa ɗan ƙwallon kai kawai ake gani.

Nisan gani kuma yana da alaƙa da kuɗi, abin da mai kallo na farko ba zai lura da shi ba. A Counter-Strike ana sayen makami a farkon kowane zagaye da kuɗin da aka tara a zagayen baya. AWP dala 4,750 ce ta cikin wasa, AK-47 kuwa 2,700. Ƙungiyar da ta sha kaye sau biyu a jere tana iya samun kanta da ƙananan bindigogi kawai. Idan fage duk dogayen hanyoyi ne, mai kuɗi zai yi ta cin mara kuɗi har a tashi. Idan duk lunguna ne, babbar bindiga ba ta da amfani, tara kuɗi ya zama aikin banza. Dust II ya ba kowa wurinsa. Doguwar hanyar A da tsakiya na maharbin nesa ne. Ramin B mai ƙunci da duhu na talaka ne, inda mai ƙaramar bindiga zai laɓe a kwana ya kayar da mai babba ya ɗauke makaminsa. A ganina wannan adalci tsakanin mai hali da mara hali shi ne babban sirrin daɗewar fagen, fiye da duk wani abu da ake faɗa a kansa.

Sai kuma launi. Bangayen Dust masu ruwan yashi ne, a fili suke, babu tarkace, don haka surar mutum tana fita sarai a gabansu. Wannan ya samo asali ne daga wasu hotunan farko na wasan Team Fortress 2 da Johnston ya gani ya so kamanninsu, amma amfaninsa ya wuce kyan gani. Sabon magini yakan cika fagensa da ciyayi da inuwa da kwalaye don ya burge, sai 'yan wasa su riƙa mutuwa ba su ga wanda ya harbe su ba. Babu abin da ke korar mutane daga fage kamar wannan. Ko da Valve ya sake ƙawata Dust II a 2017, ya mayar da shi wani gari a Maroko, an kula a bar bangon da ke bayan wuraren tsayuwa da haske.

Kayan aikin da aka yi duk wannan da shi wata manhaja ce da aka fara sani da Worldcraft, wadda Ben Morris ya rubuta don wasan Quake, Valve ya saye ta daga baya ya sa mata suna Hammer. Allonta kashi huɗu ne: kallo daga sama, daga gaba, daga gefe, da kuma tagar da ke nuna ginin yadda ɗan wasa zai gan shi. Da tubala ake gini, a ja murabba'i a ba shi tsayi ya zama bango, a yanka shi a karkace ya zama gangare. A tsohon injin, dole duniyar da ka gina ta kasance a rufe ruf. Idan ka bar ɓula komai ƙanƙantarta tsakanin bango da bango, wadda ta buɗe zuwa sararin da babu komai, lissafin fagen ba zai kammala daidai ba, sai ka bi layin da manhajar ta zana maka ka nemo inda yake yoyo. Bayan an gama kuma sai a miƙa wa kwamfuta ta yi lissafi kashi uku: ta yanyanka sararin, ta gano wane yanki ake iya hangowa daga wane yanki, sannan ta lissafa haske da inuwa. A kwamfutocin wancan zamani babban fage yana iya cin sa'o'i, kuma ko akwati ɗaya ka matsar, sai an sake.

Lissafi na biyun nan ya bar tambarinsa a kan fasalin tsofaffin fagage. Kwamfutar 1999 ba ta iya zana abubuwa da yawa a lokaci guda, don haka magini yakan karya hanya da kwana biyu, ko ya gitta bango a gaban ƙofa, don injin ya daina zana abin da ke bayansa. Wannan larura ta na'ura sai ta dace da buƙatar wasa, domin kwanar da ta sauƙaƙa wa kwamfuta ita ce kuma ta katse hangen maharbi ta raba fage zuwa ɗakunan faɗa daban-daban. Yau kwamfutoci sun yi ƙarfi, injin Counter-Strike 2 ya sauya yadda ake gini, amma masu ginin sun riƙe kwanonin saboda sun gane amfaninsu na biyu.

Ƙwararru ba sa fara aiki da ado. Suna gina fagen tsirara, da tubala masu launin toka da ruwan lemo waɗanda aka zana wa layukan awo, sannan su tara mutum 10 a buga. A nan ne ake gane gwani, domin abin da ya zana a takarda da abin da mutane ke yi a fage ba sa taɓa zama ɗaya. Ya gina hanya yana alfahari da ita, babu mai bi. Ya ajiye akwati don ado, sai ga shi kowa a bayansa yake mutuwa. Yana kallon rikodin wasan daga sama, yana lura da inda gawawwaki ke taruwa da inda ƙafa ba ta taɓa takawa, yana ƙirga zagaye nawa kowane ɓangare ya ci. Yana kuma sauraren koke, amma da kunnen likita: idan 'yan wasa suka ce wurin B ba ya shiguwa, sun yi gaskiya game da ciwon, amma maganin da suke bayarwa, wato a faɗaɗa ƙofa, sau da yawa ba shi ba ne. Wataƙila matsalar tana can baya, inda masu hari ba su da wurin tsayawa su shirya gurnetinsu cikin aminci. Sai ya rushe, ya sake ginawa, a sake bugawa. Rushe abin da ka kwana kana ginawa saboda mutane goma sun nuna maka ba ya aiki, wannan hali ne da ba kowa ke da shi ba, kuma ina girmama shi ƙwarai.

Duk da wannan gwaji, 'yan wasa sukan gano abin da magini bai taɓa tunani ba. A watan Nuwamban 2014, a gasar DreamHack Winter da aka yi a birnin Jönköping na Suwidin, ƙungiyar Fnatic ta kara da LDLC ta Faransa a fagen Overpass. LDLC tana gaba da ci 13 da 3. Sai 'yan Fnatic suka riƙa hawa kan juna a wata kusurwa har ɗan wasansu Olof Kajbjer ya kai wani tsayi inda yake hango babban yanki na fagen, yana harbi daga sama, abokan karawar ba su ma san daga ina mutuwa ke zuwa ba. Fnatic ta farfaɗo ta ci wasan. Rigima ta tashi, aka yi ta ƙorafi a ɓangarorin biyu, daga ƙarshe Fnatic ta janye, LDLC ta wuce har ta ɗauki kofin. Valve ya toshe wurin. Abin da wannan ya nuna game da sana'ar shi ne rabin aikin magini ba a ganinsa: akwai bangaye marasa launi da ake shimfiɗawa a saman rufi don hana hawa, da waɗanda ake lulluɓe matakala da su don ƙafa kada ta sarƙe, da waɗanda ake sawa a gefen ƙofa don mai gudu da baya kada ya maƙale. Idan an yi su daidai babu wanda zai san suna nan. Kusurwa ɗaya da aka manta ta isa ta jirkita gasar duniya.

Sama ma gini ce. Gurnetin hayaƙi yana toshe gani na kusan sakan 20, kuma ƙungiyoyi suna haddace daidai inda za su tsaya da inda za su saita don ya tsallake rufi ya faɗi a bakin wata ƙofa da ba sa gani. Magini ne ke yanke ko rufin zai bari a jefa ta kansa, kuma faɗin kowace ƙofa yana da nasaba da faɗin hayaƙi ɗaya: idan hayaƙi guda ya rufe ta ruf, labari ɗaya ne, idan ya bar 'yar kafa a gefe, labari ya canza. Haka ƙasa: takun ƙafa a kan ƙarfe daban yake da na kan yashi ko katako, kuma mai kunne yana gane inda abokin gaba yake daga sautin. A fagen Nuke, inda wuraren dasa bam biyu suke ɗaya a saman ɗaya, rarrabe sautin sama da na ƙasa ya zama fanni mai zaman kansa.

Wata alama da ke nuna fage ya karɓu ita ce mutane su raɗa wa sassansa suna. A tsakiyar faɗa babu lokacin dogon bayani, kalma ɗaya ake so. A Inferno akwai lanƙwasasshiyar hanya da duniya ke kira Banana. A Dust II akwai akwatin tsakiya da ake kira Xbox, da wani lungu a wurin A da ake kira Goose saboda laƙabin Minh Le, Gooseman, da aka rubuta a bangon. Magini mai hankali yana taimaka wa wannan: yana ba kowane yanki wani abu guda da ya bambanta shi, mota ko taga ko shuɗiyar ƙofa, don baki ya samu abin kamawa. Fagen da ko'ina ya yi kama da ko'ina, baƙo zai ɓace a cikinsa, abokai kuma ba za su iya yi wa juna kwatance ba.

A 2013 Valve ya buɗe wa masu ginin fagage rumbu a dandalinsa na Steam, inda kowa zai ɗora aikinsa kowa ya sauke, ya kuma fara zaɓar wasu fagagen jama'a yana sakawa a wasan na ɗan lokaci tare da biyan masu su. Ta wannan hanya Cache, wanda Salvatore Garozzo ya tsara, Shawn Snelling ya yi aikin sake ƙawata shi, ya shiga jerin fagagen manyan gasa. An kafa shi ne a yankin Chernobyl na Yukren, kuma ana yaba shi saboda tsabtar hanyoyinsa. Anubis, mai fasalin tsohon garin Masar da magudanar ruwa a tsakiya, shi ma daga hannun masu gini na waje ya fito, kuma a watan Nuwamban 2022 shi ne ya karɓi gurbin Dust II kansa a jerin gasa.

Shi ma Dust II bai tsira daga gyara ba. Shekara 20 maharbin masu hari yana iya tsayawa tun daga inda suke farawa ya saita 'yar kafar da ke tsakanin ƙofofin tsakiya, ya harbi mai tsaron da ke tsallakawa zuwa B a sakannin farko na zagaye. Wasu suna ganin wannan shi ne ɗanɗanon fagen, domin yana tilasta wa masu tsaro su kashe hayaƙi ɗaya ko su yi kasada. A watan Satumban 2021 Valve ya toshe wannan hange. Ni ina tare da masu gyaran, domin mutuwar da ke zuwa kafin mutum ya yanke wata shawara ba ta koya masa komai, kuma ko da bai yi harbi ba, maharbin yana ƙirga mutum nawa suka tsallaka ya san yadda tsaro ya rabu ba tare da ya biya komai ba. Har yanzu akwai tsofaffin 'yan wasa da ba su yafe wannan gyara ba. A watan Afrilun 2024 aka dawo da fagen cikin jerin gasa, a madadin Overpass.